Amsoshin Tambayoyinku: Garin Magani Daga Indiya Da Ciwon Ƙaba

Saƙonnin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi. Tallan magungunan gargajiya na Indiya, waɗanda ake kira Ayurbeda, ya cika wayoyin mutane, masu fama da ƙaba kuma su ne aka fi nufa da shi. Na zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani kowa, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Malam, ni direban babbar mota ne a Funtuwa, shekarata 46. Shekara biyu ke nan wani kumburi yana fito min a matsematsin dama idan na ɗaga kaya ko na yi tari, in na kwanta sai ya koma. Na ga talla a Facebook na wani garin magani da mai na shafawa daga Indiya, sun ce wata uku ƙabar za ta koma ba tare da aiki ba. Kuɗinsa naira dubu 85. In saya?

Amsa: Kada ka saya, Malam. Riƙe kuɗinka, ka saurare ni da kyau, domin amsarka ita ce amsar mutum fiye da goma da suka rubuto.

Ƙaba ɓula ce. Bangon ciki, wato naman da ya riƙe hanji, shi ne ya yi rauni a wuri ɗaya ya buɗe, hanji ko kitsen ciki yake leƙowa ta nan. Shi ya sa in ka yi tari yake fitowa, in ka kwanta yake komawa. Kai direba ne, ka san tayar da gefenta ya tsage har tib yana turowa. Wane mai za ka shafa mata ta haɗe? Garin da za ka kaɗa a ruwa ka sha, cikin hanji zai bi ya wuce, ba zai taɓa isa bakin ɓular ba, balle ya ɗinke ta. A jikin babban mutum wannan ɓula ba ta rufewa da kanta, kuma yawanci ƙara faɗi take yi da shekaru. Ba kai kaɗai ba ne: lissafin likitoci ya nuna wajen namiji 27 cikin 100 zai gamu da ƙabar matsematsi a rayuwarsa, mata kuwa wajen 3 cikin 100.

Abin da ya fi ci min rai a wannan talla shi ne yadda ake fakewa da sunan Indiya. Ku tambayi masu tallan me ita Indiyar ta ce. Ƙasar tana da wata doka, wadda aka kafa a 1954, da ta hana tallata magani da sunan yana warkar da wasu cututtuka 54, kuma ƙaba da gwaiwa duk suna cikin jerin. Ke nan maganar da ake zuba maka a waya, in a can aka buga ta a jarida, laifi ne. A 2024 ma Kotun Ƙolin Indiya ta sa kamfanin Patanjali, ɗaya daga cikin manyan masu yin irin waɗannan magunguna, da jagoransa Baba Ramdev, suka buga neman afuwa a jaridu saboda tallace-tallacen da suka wuce gona da iri. Wannan babban kamfani ke nan mai suna da adireshi. Ina ga wanda ba ka san shi ba sai lambar WhatsApp da lambar asusun banki?

Kai, ko tsofaffin littattafan Ayurbeda ɗin ba su yi wannan alkawari ba. Littafin Sushruta, wanda ya haura shekara 1,500, ya san wannan ciwo, ya kira shi antravriddhi, ya kuma sa shi cikin waɗanda magani ba ya warkarwa idan hanjin ya riga ya sauka cikin maraina. Shi Sushruta ɗin da aikin fiɗa ya shahara, littafinsa ya lissafa kayan tiyata fiye da 100. Masu abin sun san iyakar abinsu, 'yan kasuwa ne suka ture iyakar.

Yanzu mu yi lissafi, tunda wannan shafi na lissafin aljihu ne. Dubu 85 na wata uku. Wata uku za su cika, kumburi na nan. Za ka kira su, su ce jikinka mai ƙarfi ne, ko ciwon ya daɗe, sai ka maimaita. Ka sake biya. A zagaye na uku za a ce akwai wani sabo da ya fi ƙarfi. Kafin shekara ta zagayo ka zubar da abin da ya haura dubu 250, ga ƙaba ta ƙara girma. Mutanenmu suna tsoron kuɗin aiki ne saboda dunƙule ake faɗarsa, a ce kawo kaza yau. Kuɗin magani kuwa da kaɗan-kaɗan yake fita, shi ya sa ba a jin zafinsa sai an waiwaya. Na sha ganin magidanci ya ce ba shi da kuɗin asibiti, amma in ka tara kwalaben da ke ƙarƙashin gadonsa, sun biya aikin har da canji. Ka je babban asibitin gwamnati mafi kusa da kai, ka yanki kati, likitan tiyata ya duba ka, ka tambayi kuɗin aikin da bakinka. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ka tambaya kuma ko kana iya shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiharku, ka sa kunne ga sanarwar aikin ƙaba kyauta da ƙungiyoyi da gwamnatoci kan shirya lokaci-lokaci.

Akwai abin da ya fi asarar kuɗi, shi ne asarar lokaci. Wata rana hanjin zai iya fitowa ya ƙi komawa, bakin ɓular ya shaƙe shi, jini ya daina isa gare shi. Cikin sa'o'i kaɗan, wajen shida, wannan yanki na hanji zai iya fara mutuwa. Alamominsa ka haddace su kamar lambar motarka: kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa, ciwo mai tsanani, amai, ciki ya kumbura, ba bayan gida ba tusa, wurin ya yi ja ko ya yi duhu, wani lokaci da zazzaɓi. In haka ta faru, ko ƙarfe biyun dare ne, asibitin da ake tiyata za a nufa. Kada a danna shi da ƙarfi, kada a ba ka abinci, kada a ba ka maganin wankin ciki, kada a tsaya jiran gari ya waye. Wani maƙwabcinmu, Allah ya jiƙansa, haka ya kwana ana ba shi jiƙo ana gasa masa wurin da tsumma mai zafi, da aka kai shi washegari hanjin ya riga ya ruɓe. Shekara huɗu yana ɗauke da abin da aikin awa ɗaya zai raba shi da shi. Kai kuma sana'arka ta hanya ce. Ka yi tunanin abin ya same ka tsakanin Birnin Gwari da Tegina da tsakar dare. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gaskiya ɗaya zan ƙara don kada a ce na ɓoye. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2006 a kan maza 720 masu ƙabar da ba ta damunsu sosai ya nuna jira a ƙarƙashin kulawar likita ba shi da haɗari mai yawa, shaƙewar ba ta cika faruwa ba. Amma da aka ci gaba da bibiyarsu, wajen biyu cikin uku sun ƙare da yin aikin cikin shekara 10 saboda ciwo ya ƙaru. Kuma waɗannan mutane ne da asibiti ke kusa da su, ba masu ɗaga buhu da ɗaure tamfol ba. Likitan da ya taɓa wurin da hannunsa shi zai ce maka ka jira ko kada ka jira.

Tambaya: Shin gwaiwa da ƙaba abu ɗaya ne? Mai maganin ya ce garinsa yana yi wa duka biyun.

Amsa: A bakin mutane ana haɗa su, amma a asibiti an raba. Akwai kumburin da hanji ne ya sauko, akwai wanda ruwa ne ya taru a kewayen ɗan maraina. Na ruwan ba ya komawa in an kwanta, kuma a yankunanmu sau da yawa tsutsar da sauro ke yaɗawa ce ke kawo shi, wadda ke kawo tundurmi. Akwai kuma kumburin da ƙari ne a cikin ɗan marainan kansa, wanda jinkiri a kansa mugun abu ne. Wanda ya ce gari ɗaya yana maganin duka, bai ma san wanne kake da shi ba. Je a duba, in da hali a yi hoton wurin.

Tambaya: Baba, ɗana wata bakwai, cibiyarsa ta fito kamar ƙwai, in yana kuka sai ta ƙara tasowa. Surukata ta ce a ɗaure masa kwabo, wata ƙawata kuma ta kawo min wani mai na Indiya. Wallahi ba na iya barci don tunani.

Amsa: Kwantar da hankalinki, 'yata. Cikin duk wasiƙun yau, taki ce mai labari mafi daɗi. Cibiyar jarirai daban take da ƙabar manya. Tana da yawa ƙwarai a 'ya'yanmu baƙar fata, kuma mafi yawansu suna rufewa da kansu kafin yaro ya kai shekara 4 ko 5, ba magani, ba komai. Tasowar da take yi in yana kuka ba alamar tana ciwo ba ce, iska ce da yunƙuri.

Kwabon ba ya ƙara komai, sai dai ya goge fatar ya kawo gyambo, ko ya ɓoye miki abin da ya kamata ki gani. Ki gaya wa surukarki cikin ladabi cewa ma'aikatan asibiti ne suka hana, kin ga ba ke kika ƙi maganarta ba. Man kuma ki mayar wa ƙawarki da godiya. Fatar jariri siririya ce, tana zuƙar abin da aka shafa mata, kuma ba ki san abin da ke cikin kwalbar ba. Ko ɗigo kada ki ba shi a baki.

Ranar da za ki kai shi rigakafi ki nuna wa ma'aikaciyar jinya ta duba. Abin da zai sa ki gudu asibiti ba jira shi ne cibiyar ta yi tauri ta ƙi komawa, ta canza launi, yana amai yana kukan da ba ya rarrasuwa. Wani abu kuma: duk wannan a kan cibiya nake magana. In a matsematsin jariri ko marainansa kika ga kumburi yana fitowa yana komawa, wannan ba a jiransa, aiki ake yi da wuri, domin ya fi saurin shaƙewa a ƙananan yara. Allah ya raya mana shi.

Tambaya: An ba ni ranar aiki nan da wata biyu. Matsalata taurin bayan gida, in na yi yunƙuri sai ƙabar ta fito da zafi. Wani ya ce in sha triphala. Ya halatta a wurinka?

Amsa: Kai ne ka yi tambayar da ta dace, domin nan ne kaɗai waɗannan magunguna suke da ɗan wurin zama. Ba sa taɓa ɓular, amma duk abin da ya rage yunƙuri ya rage turowar hanji da zafin da ke biyo baya. Triphala haɗin busassun 'ya'yan itace uku ne, amalaki da haritaki da bibhitaki, kuma yana sassauta ciki. Akwai kuma isabgol, ɓawon wani iri ne da ke kumbura a ruwa ya tausasa bayan gida, shi har likitocin asibiti suna rubuta shi. In za ka sha isabgol, da kofi cike da ruwa ake sha, a bi shi da wani, in ba haka ba shi kansa zai iya toshe ka.

Amma kafin ka kai hannu aljihu, leƙa kicin ɗin gidanka. Miyar kuɓewa, miyar kuka, kwaɗon zogale da rama, wake, gwanda, kunun tsamiya, da ruwa mai yawa musamman a kwanakin zafi. Rage burodi da shinkafa fara safe da dare. Mutane da yawa wannan kaɗai ya ishe su. Ka kuma san cewa da yawa daga garin wankin ciki da ake kawowa daga Indiya, babban abin da ke aiki a cikinsu senna ne, ɗan'uwan filaskon da ke fitowa a bayan gari. Yana murɗa ciki, kuma ba a son a mayar da shi abin kullum. Man zurman ma, da littattafansu ke yawan ambata, haka yake, ka bar shi.

Sharaɗi biyu. Duk abin da kake sha, ɗauki kwalinsa ka nuna wa likitan da zai yi maka aiki, kada ka ji kunya. Masu ba da maganin barci a tiyata sukan so a dakatar da magungunan ganye mako biyu kafin aiki, saboda wasunsu, irin ƙwayoyin tafarnuwa da citta da kurkur masu ƙarfi, suna iya hana jini saurin tsayawa. Na biyu, in kana tari mai daɗewa, ko kana yunƙuri wajen fitsari, faɗa masa tun yanzu. Waɗannan biyun suna tura ƙaba kamar yadda taurin bayan gida ke yi, kuma suna iya ɓata aikin bayan an yi. In kana shan taba, wata biyun nan damarka ce ta bari.

Tambaya: Na karanta abin da ka rubuta kwanaki cewa na kasuwa jabu ne. Yayana zai kai mara lafiya Indiya, zan ba shi saƙo ya sayo min na asali. Wane kamfani ya fi?

Amsa: Ba ka karanta da kyau ba. Na asalin ma ba ya ɗinke ɓula, to me za a sayo? Yayanka yana da mara lafiya a hannu a ƙasar da ba ya jin yarenta, kada ka ɗora masa yawon kantuna.

Amma tunda ka taɓo maganar asali da jabu, bari in faɗi abin da ya kamata duk mai sayen waɗannan kaya ya sani. A cikin Ayurbeda akwai reshen da ake kira rasa shastra, inda da gangan ake ƙona ƙarafa a haɗa da ganye: zaiba, dalma, da makamantansu. Masu yi suna cewa sun tsarkake su. Gwajin ɗakin bincike bai gaskata su ba. A 2004 wasu likitoci a birnin Boston na Amurka sun sayi irin waɗannan magunguna 70 a kantunan garin, suka sami dalma ko zaiba ko gubar asanik a cikin 14. A 2008 suka sake gwada 193 da aka sayo ta intanet, aka sake samun wajen ɗaya cikin biyar, a cikin na rasa shastra kuwa wajen biyu cikin biyar. Mu ba sai an yi mana bayanin dalma ba. Mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara wajen 400 suka rasu. Tana lalata ƙoda, tana cin jini, tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin takaici, cikin alamominta na farko akwai ciwon ciki da taurin bayan gida. Ka ga mai ƙaba zai sha don ya samu sauƙi, ya ƙara wa kansa yunƙurin da yake gudu, ya ɗauka ciwon ne ya tashi, ya ƙara yawan abin da yake sha. In ka ga kalmar bhasma ko ras ko rasa a sunan magani, ajiye shi.

Ganyen zalla ma ba duka ne lafiya lau ba. An sami rahotannin lalacewar hanta daga wani tsiro mai suna giloy a Indiya lokacin korona, da kuma daga wani tsiron mai suna ashwagandha, wanda ƙasar Denmak ta hana sayarwa a 2023. Mu da ciwon hanta ya yi wa katutu, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Sai lambar NAFDAC, wadda masu talla ke ɗagawa kamar tuta. Magungunan ganye yawanci lambar da ake ba su tana ƙarewa da harafin L, kuma ma'anarta an duba ba a ga cutarwa a samfurin da aka kai ba. Ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka ce. Shi ya sa ake rubuta wa a jikin kwalin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Wannan ga mai lambar gaske ke nan. Wanda aka ƙulla a farar leda, ko kwalba mai rubutun Indiyanci zalla, ba ranar lalacewa, ba sunan wanda ya shigo da shi, wannan ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Tambaya: Wani maganin ruwa na Indiya aka ba mahaifina saboda ƙaba, sunansa ya ƙare da arishta. Yana wari kamar abin da ya yi tsami. Lalacewa ya yi?

Amsa: Ba lalacewa ya yi ba, haka ake yin sa. Duk wanda sunansa ya ƙare da arishta ko asava, jiƙa shi ake yi da sukari ko mazarƙwaila a bar shi ya tsima, kuma yana ɗauke da barasa da kan kai kashi 12 cikin 100, fiye da giyar kwalba. Sau da yawa an rubuta a jiki da ƙananan haruffa. Wasu haɗe-haɗen kuma akwai fitsarin saniya a ciki, za ka ga an rubuta gomutra. Hukuncinsu a addini malamai za ka tambaya, amma hakkin Baba ne ya san abin da yake sha. Ni dai ban ga larurar da za ta sa dattijo ya sha shi ba, tunda ba zai yi wa ƙabarsa komai ba.

Tambaya: Malam, mijina yana da ƙaba, likita ya ce aiki, amma ya ƙi. Abokansa sun ce masa wanda aka yi wa aikin ba ya ƙara haihuwa, ba ya kuma iya kusantar iyali. Shekararmu biyu da aure, 'yarmu ɗaya. Yanzu ya koma shan maganin Indiya a ɓoye. Ina tsoron in matsa masa ya ga kamar na raina shi.

Amsa: Allah ya saka miki da alheri, 'yar'uwa, da kika damu da shi haka. Tsoronsa ba wauta ba ne, kuma shi ne ainihin abin da masu tallan nan suke ci da shi. Maza da yawa ba kuɗi ne ya hana su ba, wannan maganar ce da ba sa iya faɗa.

Ga gaskiyar yadda take. Aikin a matsematsi ake yin sa, sama da maraina. Jijiyoyin da ke sa namiji ya ji ƙarfi ba ta nan suka bi ba. Hanyar maniyyi ta ratsa wurin, haka ne, kuma likitan tiyata ya san da ita, kauce mata yana cikin abin da aka koya masa tun farko. Rauni gare ta yana faruwa amma ba kasafai ba, kuma ya fi yiwuwa a aikin gaggawa, ko ƙabar da aka bari ta yi girma ta manne. Wato jinkirin da yake yi don kare kansa, shi ke ƙara kusanto da abin da yake tsoro. Ba zan ce miki aiki ba shi da matsala ko kaɗan ba: wasu kan yi fama da ciwon wurin na tsawon lokaci, wasu kaɗan takan dawo musu. Amma mafi yawa suna komawa gida ranar ko washegari, sau da yawa ma ba a sa su barci, allurar kashe wurin ko ta baya ake yi, kuma cikin makonni kaɗan sun koma harkokinsu da iyalinsu.

Tunda sunan Indiya yake girmamawa, ki ba shi wannan labari. Gudummawar da Indiya ta ba duniya a kan ƙaba a zamaninmu daga likitocin tiyata ta fito. Dokta Tongaonkar, wani likitan karkara a jihar Maharashtra, shi ya yaɗa amfani da raga mai araha irin ta gidan sauro, wadda aka tsabtace ta musamman, a madadin raga mai tsada da ake ɗinkawa a toshe ɓular. An gwada wannan dabara a Yuganda, aka buga sakamakon a 2016, aka ga ba ta gaza mai tsadar ba. Dokta Desarda na birnin Pune kuma ya fito da hanyar gyara ba tare da raga ba. Mutanen ƙasar da ƙaba ta kama, asibiti suke zuwa.

Kada ki tunkare shi a gaban kowa, kada kuma ki zubar masa da maganin a ɓoye. Ki samu wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko kawunsa ko limaminku, mafi kyau ma wani namiji da aka yi wa aikin ya haihu bayansa, suna da yawa a kowace unguwa in an bincika. Ki roƙe shi abu ɗaya tak: ya koma wurin likitan shi kaɗai, ya rufe ƙofa, ya yi masa wannan tambayar da bakinsa.

Tambaya: An yi min hoton ciki an ce ina da ƙaba ta sama, wai tumbina ne yake turowa ƙirji. Ƙwarnafi da zafin ƙirji sun hana ni sakat. Ni ma sai aiki?

Amsa: Taki daban ce, Hajiya, kuma yawancin masu irinta ba a yi musu aiki. Saman tumbi ne yake zamewa ta ƙofar tantanin da ya raba ƙirji da ciki, sai ruwan tsamin ciki ya riƙa hawowa. Nan lallashin alamomi ake yi, kuma abin da ya fi aiki ba a sayen sa. Ci kaɗan-kaɗan maimakon cika ciki. Bar awa uku tsakanin tuwon dare da kwanciya. Sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen kai ya ɗagu kamar santimita 15 zuwa 20, tara matasai ba ya yi. Kwanta a gefen hagu. Rage yaji, soye-soye, lemon kwalba, goro da shayi mai kauri. Sassauta ɗaurin zane, in da ƙiba a rage. Da azumi, kada ki koma barci da zarar kin gama sahur. Likita zai iya ba ki irin su omeprazole, masu araha ne a kowane kemis na kirki.

Cikin na Indiya za a ce miki yashtimadhu, wata saiwa mai zaƙi. In kina da hawan jini ko ciwon ƙoda ko kina da juna biyu, kada ki kusance ta, tana ɗaga jini tana zubar da sinadarin da zuciya ke bukata. In abinci ya fara tsaya miki a ƙirji, ko kina ramewa, ko kika yi aman jini ko baƙin bayan gida, koma asibiti a ranar. Zafin ƙirjin da ya zo da gumi ko ya sauka hannu kuma, kada ki ce ƙwarnafi ne, zuciya za a duba.

Tambaya: Bel ɗin ƙaba fa, da motsa jikin yoga da ake nunawa a YouTube?

Amsa: Bel yana riƙe kumburin na ɗan lokaci ga wanda ke jiran ranar aiki, ko tsohon da likita ya ce jikinsa ba zai ɗauki tiyata ba. A kwance ake ɗaura shi bayan kumburin ya koma gaba ɗaya. In aka ɗaura a kan hanjin da ke waje, matse shi zai yi. Mace mai kumburi a saman cinya kada ta sa shi sam, irin wannan ƙabar ta fi kowacce saurin shaƙewa, aiki ake yi mata da wuri. Yoga kuwa, irin wanda ake fitar da numfashi da ƙarfi ana buga ciki, wanda suke kira kapalabhati, su kansu malaman yoga suna hana mai ƙaba yin sa. Yi tafiyar ƙafa da safe bayan asuba, ka bar ɗaga buhu da jarka har sai likita ya sallame ka.